Wasiƙa daga Maiduguri zuwa Kumasi

Assalamu alaikum ƙawata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaishe mini da Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafar.

Kin tambaye ni wane karatu ne ya mayar da ni jami'a bayan aure da 'ya'ya. Baba ma har gobe cewa yake likitar masu taɓin hankali zan zama. A'a. Aikin al'umma muke koyo, irin wanda ake duba damuwar da ke zuciyar mutum tare da zamansa da jama'arsa, don ɗaya ba ya gyaruwa in ɗayan a lalace yake.

Malaminmu ya fara ne da zana mana dala mai hawa huɗu ta irin taimakon da ake ba mutanen da musiba ta afka wa, kamar dalar gyaɗa ta Kano, daga ƙa'idojin da hukumomin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinsu suka fitar a 2007. Gindinta abinci da ruwa da makwanci da tsaro, a ba mutum ba tare da an wulaƙanta shi a layi ba. Sai iyali da maƙwabta. Sai ma'aikatan da aka horar su zauna da mutum shi kaɗai. Can ƙololuwa ne asibitin ƙwaƙwalwa, kuma 'yan kaɗan ke buƙatar kaiwa nan. Na ji daɗi da na ga tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar nan: tun 1954 Dakta Lambo a Aro ta Abeokuta ya fara saukar da masu taɓin hankali a gidajen ƙauyawa tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. A Harare ta ƙasar Zimbabwe kuma Dakta Chibanda ya horar da kakanni mata, suna zama a benci a harabar asibitin unguwa suna sauraron masu damuwa.

Aikin gwaji ne ya fi koya mini. An tura mu wata unguwa da ruwa ya ci lokacin da madatsar ruwa ta Alau da ke kusa da Maiduguri ta ɓalle a Satumbar 2024. Da yawa daga matan can sun taɓa gudun hijira daga ƙauyukansu, wannan asara ta biyu ke nan. Wata dattijuwa ta ce mini, "'Yata, da hadari ya haɗo sai in ɗaure kayana in zauna bakin ƙofa har asuba." Bakina ya so ya ce ta yi haƙuri, amma mai kula da mu ta riga ta ja mana kunne: ki duba, ki saurara, ki haɗa mutum da inda zai sami taimako, kar ki tilasta wa kowa ba da labarinsa. Na yi shiru. Sai ga shi ba ruwan ne ya fi cin ranta ba, adashinsu ne da ya watse, matan da suke haɗuwa duk Juma'a kowacce ta kama gabanta. Muka nemo uwar adashi, suka soma zubi da ɗan abin da ya samu. Ba zan ce miki tsoron hadarin ya tafi ba, amma yanzu in sama ta yi baƙi, ɗakin maƙwabciyarta take kwana.

Inda muke sa-in-sa a aji shi ne masu ganin komai a bar wa al'ada. Ban yarda ba. Jama'ar da ke cika gidan makoki da kwanukan abinci, ita ce dai ke ce wa yarinyar da ta kuɓuto daga daji matar Boko Haram, ta hana 'ya'yanta wasa da ɗanta. A nan dole a zauna da bulama da liman da iyaye mata, ba sau ɗaya ba. A kan wannan nake so in rubuta kundina.

Ki taimaka ki tambayo mini Hajiya yadda matan Zango ke karɓar wadda ta dawo gida bayan wata musiba, wa ke fara shiga wurinta, me ake kai mata. Saƙon murya ma ya isa. Jarrabawa na tafe bayan Sallah, a sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Ƙawarki