Bayan baƙi sun watse, wa zai buga a filin?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan gurbi a shafin wasiƙun masu karatu, in amayar da abin da ya daɗe yana damuna game da yadda ƙasashe ke rububin karɓar baƙuncin manyan gasannin wasanni, musamman ƙwallon ƙafa.

Ni ba jami'in hukumar ƙwallo ba ne, ban kuma taɓa riƙe muƙami a wata ƙungiya ba. Ɗan kallo ne kawai, irin wanda ke kwana da zafin rai idan ƙungiyarsa ta sha kashi. Har gobe ina tuna ranar 11 ga Yuni, 2010, lokacin da Siphiwe Tshabalala ya ɗaɗa ƙwallon nan da ƙafar hagu ta shige ragar Meziko a filin Soccer City na Johannesburg. Wasan ya tashi ɗaya da ɗaya, amma ni a wurina ranar an riga an gama cin nasara. Shekara 80 ke nan da fara gasar cin kofin duniya a Yurugwai a 1930, sai a ranar ta taka ƙasar Afirka. Makonni uku bayan haka Luis Suarez na Yurugwai ya sa hannu ya tare ƙwallon Ghana a bakin raga, Asamoah Gyan ya buga fenareti ta daki ƙarfe, na kwana ban runtsa ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka maƙiyin gasa ne ke rubutu. Ina son gasa, ina kuma son a kawo ta inda ba a taɓa kai ta ba.

Sai dai tun daga wancan lokaci na ɗauki wata ɗabi'a. Duk gasar da aka kammala, nakan koma bayan shekara biyu ko uku in nemi labarin filayen da aka buga ta. Abin da nake tararwa shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Barazil ta shirya gasar 2014 a filaye 12. Ɗaya daga ciki an gina shi ne a Manaus, a tsakiyar dajin Amazon, birnin da ba shi da ƙungiyar da ke buga babban rukunin lig ɗin ƙasar. Wasa huɗu kacal aka buga a cikinsa a gasar. Na Brasilia, wanda ya fi kowanne cin kuɗi, bai cika shekara da gama gasa ba aka mayar da harabarsa wurin ajiye motocin bas. Kuma ba a ce mutanen Barazil ba su yi magana ba. A watan Yunin 2013, shekara guda kafin gasar, jama'a sun cika tituna da zanga-zanga. Daga ƙarin kuɗin mota ta faro, ta rikiɗe ta koma tambayar dalilin da ya sa ake da kuɗin gina filaye amma babu na asibiti da makaranta. Wannan fa ƙasar da ta ɗauki kofin duniya sau biyar ce, inda ƙwallo ta zama jinin jiki. Idan waɗannan mutane suka ce abin ya yi yawa, ya kamata kowa ya tsaya ya saurara.

A Afirka ta Kudu ma, filaye biyu sun ishe mu darasi. Soccer City yana da masu shi: Kaizer Chiefs na buga wasanninta a ciki, kuma ranar da ta haɗu da Orlando Pirates ba masaka tsinke. Filin Cape Town kuwa, duk da kyansa a bakin teku, ya shafe kusan shekara goma birnin na ɗawainiya da shi ba tare da wata babbar ƙungiya da za ta riƙa cika shi ba, sai a 2021 da 'yan wasan rugby suka tare a ciki. Ƙasa ɗaya, gasa ɗaya, gini mai kyau duka biyun. Bambancin kawai, ɗaya an san wanda zai gaje shi tun kafin a aza tubali, ɗayan kuwa sai da aka gama biki aka fara neman mai shiga.

Gasar Olamfik ta fi haka muni. Montreal ta karɓi ta 1976, ba ta gama biyan bashin filinta ba sai 2006. Wuraren wasanni da dama da Girka ta gina wa gasar Athens ta 2004 ciyawa ce ta cinye su. Shi ya sa yanzu wasu suke ja da baya: jihar Victoria ta Ostareliya ta ajiye gasar ƙasashe renon Ingila ta 2026 tun a 2023, ta ce kuɗin ya fi ƙarfinta.

Ya Edita, mu duba yadda ake rabon. Kuɗin nuna wasa a talabijin, kuɗin kamfanonin talla da na tikiti, FIFA ce ke kwasa. A zangon shekara huɗu da ya ƙare da gasar Katar ta 2022, ta tara sama da dala biliyan 7. Gina filaye, faɗaɗa filayen jirgin sama, hanyoyi da tsaro kuwa, na mai masauki ne, ga kuma sharaɗin a yafe wa FIFA haraji. Gaskiya ne tana ɗaukar nauyin gudanar da gasar, tana ba ƙungiyoyi kyautar kuɗi, tana kuma raba wani kaso ga hukumomin ƙwallo 211 da ke ƙarƙashinta. Ban raina wannan ba. Amma idan aka ɗora nauyin kowa a sikeli, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har dokar ƙasa ake tanƙwarawa. Barazil ta hana sayar da giya a filayen wasa tun 2003 saboda rigingimun magoya baya, amma sai da ta ɗage dokar don gasar 2014, domin kamfanin giya na cikin masu ɗaukar nauyin FIFA. Katar ita kuma, ana saura kwana biyu a fara gasa, ta ce ba za a sayar wa 'yan kallo giya a filayenta ba, aka kuma buga gasar lafiya. Ashe mai masauki na iya cewa a'a, in dai ya san darajar gidansa.

Tunda na ambaci Katar, bari in faɗi ra'ayina a kanta, don na san masu karatu sun rabu biyu. A matsayina na ɗan kallo, ban ga gasar da ta kai ta daɗi ba. Filaye takwas ne kusa da juna, mutum na iya kallon wasa da la'asar ya hau jirgin ƙasa ya riski wani da dare. Saudiyya ta doke Ajantina biyu da ɗaya. Maroko ta lallasa Beljiyam, ta fitar da Sifaniya a bugun fenareti, Youssef En-Nesyri ya tashi sama ya sa kai ya kori Fotugal, ƙasar Afirka ta kai wasan kusa da na ƙarshe a karon farko. Rabin wannan nasara ta magoya baya ce, waɗanda suka iya zuwa saboda tafiyar ba ta fi ƙarfinsu ba, suka mayar da kowane fili tamkar gida. Na kuma lura cewa wani ɓangare na sukar da aka yi wa Katar daga Turai akwai raini a ciki, na masu ganin ƙwallo gadonsu ce. Duk da haka ba zan rufe ido ba. Baƙin ma'aikata daga Nepal, Indiya, Bangladesh da ƙasashen Afirka ne suka yi ginin cikin zafin rana mai tsanani, wasu ba a biya su haƙƙinsu kan lokaci ba, wasu gawarsu aka mayar gida. Katar ta gyara dokokin ƙwadago, ta kafa mafi ƙarancin albashi a 2021, sai dai an ba ta gasar ne tun Disambar 2010. Shekarun da ke tsakani, a kan wuyan talakawa suka wuce. Murnar da na yi da ƙwallon En-Nesyri ba ta goge wannan ba.

Nahiyar Afirka kuwa, ciwonta daban ne. Ana neman gasa kafin a shirya mata. An ƙwace gasar cin kofin nahiyar ta 1996 daga Kenya, an ƙwace ta 2019 daga Kamaru aka kai Masar, an ƙwace ta 2025 daga Gini aka ba Maroko. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka ake yi: sai lokaci ya ƙure a hau aiki dare da rana, kwangila ta ninka, a manta da abin da ido ba ya gani, kamar yawan ƙofofin shiga da horar da masu kula da cunkoso. Ranar 24 ga Janairu, 2022, mutum takwas suka rasu a turmutsutsu a ƙofar filin Olembe na Yaounde, kafin wasan Kamaru da Komoros. Sabon fili ne fil. Mutanen nan kallon ƙwallo suka fito kamar ni, ba su koma gida ba. Allah ya ji ƙansu.

Ga wani abin takaici. A wasannin neman gurbi na 'yan shekarun nan, ƙasashen Afirka da dama a ƙetare suke buga wasansu na gida, yawanci a Maroko ko Afirka ta Kudu, saboda hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta duba filayensu ta ce ba su cika sharaɗi ba. Yaro ya taso bai taɓa ganin tawagar ƙasarsa da idonsa ba. Shi kuma babban filin Surulere na Legas, inda Najeriya ta ci Aljeriya uku da nema ta ɗauki kofin Afirka a 1980, inda kuma aka buga wasan ƙarshe na 2000, an bar shi shekara da shekaru yana lalacewa. Gini ba ya gagarar gwamnati, saboda akwai ranar yanke ƙyalle da ɗaukar hoto. Ban ruwa ga ciyawa da gyaran fitila ne ba su da ranar biki, shi ya sa ba su da mai tuna su.

Yanzu kuma gasar duniya sai ƙara kumbura take. Ta 2026 an raba ta tsakanin Amurka, Kanada da Meziko: ƙasashe 48, wasa 104, birane 16. Ƙarin ƙasashen ya yi mini daɗi, domin gurbin Afirka ya tashi daga biyar zuwa aƙalla tara, har Cape Verde, tsibiran da mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba, ta samu shiga a karon farko. Amma mai goyon bayan da ke son bin ƙasarsa fa? Biza, jirgi daga wannan gari zuwa wancan, masauki, tikiti mai tsada. Ta 2030 nahiya uku za ta ratsa: Maroko, Sifaniya da Fotugal, da wasa uku a Yurugwai, Ajantina da Faragwai don cikar gasar shekara 100. Ta 2034 Saudiyya aka ba, ba tare da abokin takara ba, kuma duka biyun da tafi aka amince da su a taro ɗaya ranar 11 ga Disamba, 2024. Mai ganga da tuta, wanda ya yi shekara huɗu yana tara kuɗin tafiya, shi ne ke ba gasa rai, kyamara ma shi take nema. A lissafin masu shirya gasa kuwa shi ne na ƙarshe.

Maroko ta nemi gasar duniya sau biyar tana faɗuwa kafin ta samu ta 2030, kuma ina taya ta murna da zuciya ɗaya. Tana da abin da Manaus ba ta da shi, wato ƙungiyoyi irin su Raja da Wydad masu magoya bayan da ke cika fili ko babu baƙo. Duk da haka filin da take ginawa kusa da Casablanca, mai ɗaukar mutum 115,000, yana sa ni tunani, kuma matasan ƙasar da suka fito zanga-zanga a ƙarshen Satumbar 2025 suna neman a gyara asibitoci da makarantu tambayar mutanen Barazil suka maimaita. Ba ƙin ƙwallo suke yi ba.

Na san akwai ribar da ba ta shiga littafin akanta. Kwaddebuwa ta nuna mana a farkon 2024, lokacin da ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka. Equatorial Guinea ta zuba mata huɗu a gaban jama'arta, Kwaddebuwa ta kori kocinta ana tsakiyar gasa, ta tsallake zagayen rukuni da ƙyar, sannan Emerse Faé ya ja ta har wasan ƙarshe. Ranar 11 ga Fabrairu Sébastien Haller, wanda bai daɗe da warkewa daga cutar daji ba, ya ci ƙwallon da ta ba su kofi a kan Najeriya, biyu da ɗaya. Ƙasar da ta sha yaƙin basasa ta kwana tana rawa wuri ɗaya, kudu da arewa. Wanda ya ce wannan ba komai ba ne bai san ƙwallo ba. Amma filaye shida aka buga gasar a cikinsu, har da na Korhogo da San Pedro, kuma tun da aka ɗaga kofi kyamarori suka tattara suka tafi.

Nan ne roƙona yake, ya Edita. Wakilanku na wasanni suna ƙoƙari lokacin gasa, muna kuma godiya. Ina so ku riƙa komawa bayan an watse. Ku aika wakili Korhogo da San Pedro ya gaya mana wace ƙungiya ke buga wasa a can, mutum nawa ke zuwa kallo a wasan lig na yau da kullum, kuma daga wane asusu ake biyan kuɗin kula da ciyawa. Ku yi haka da Olembe. Sannan Kenya, Yuganda da Tanzaniya da aka ba gasar Afirka ta 2027, ku tambayi ministocinsu na wasanni, fili bayan fili, sunan ƙungiyar da za ta gaji kowanne, ku buga mana amsar a wannan shafi.

Na gode da ba ni dama. Allah ya ƙara basira, ya kuma taimaki aikinku.

Naka,
Mai karatunku, masoyin ƙwallon ƙafa