Kun kai mu Ingila, kun tsallake Wusasa

Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Shirinku na daren Lahadin nan ya ɓata mini rai, shi ya sa na rubuto.

Kun ce za ku kawo tarihin littattafan waƙoƙin sujada, sai baƙon naku ya kama hanyar Ingila ya ƙi dawowa. Mun ji yadda Robert Raikes ya fara makarantar Lahadi wajen 1780. Mun ji littafin waƙoƙin Angilika ya fito a 1861, na Ira Sankey kuma a 1873, yana ɗan siriri har ya kai waƙa 1,200. Duk gaskiya ne, kuma da yawa cikin waƙoƙin da muke rerawa karinsu daga na Sankey aka ɗauko. Amma da aka zo kan Littafin Waƙoƙi na Hausa, wanda yake hannunmu kowace Lahadi, sai ya ce Turawan mishan ne suka fassara, ya wuce. Shi ke nan? Haba!

Wusasa fa ga ta nan a bayan gidanku. Likita Miller, Baturen mishan, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, mishan ta koma Wusasa a 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Mutanen wancan zamani da Hausa suke sujada, da Hausa suke waƙa. Wa ya zauna da Turawan nan ya gyara musu baiti har ya hau kan kari? Bature shi kaɗai ba zai iya ba, ko ya shekara nawa a ƙasar nan. Malamanmu da masu bishara ne, kuma ko ɗaya ba ku ambata ba.

Ina koyar da yara a makarantar Lahadi, abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wani yaro ya tambaye ni wanda ya rubuta waƙar da muka koya, na duba kwafin da na saya a kasuwa, babu shekarar bugu, babu sunan maɗaba'a, takarda kamar ta ƙunshe ƙosai. Na mahaifiyata, wanda aka sayo mata daga Jos tana amarya, bangonsa ya tafi amma rubutu garau. Ita da tsaranta a Zumuntar Mata ba sa ma buɗe littafi. A kira lamba kawai su ɗauka. Su ya kamata ku zaunar ku tambaya yaushe littafin ya fara zuwa hannunsu, nawa aka sayar, waɗanne waƙoƙi aka ƙara daga baya. Iyayen nan namu kullum raguwa suke yi. A Zariya, garin da aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, garin buga littafi, abin kunya ne a ce ba mu san tarihin namu ba.

Af, sannan tallar maganin basir da kuke sakawa a tsakiyar waƙa, don Allah ku daina. Ana cikin amshi sai mu ji ana kiran lambar waya.

Ku sake shirin nan, ku zo da na'urarku Wusasa. Ni zan kai ku gidajen dattawan.

Naku,
Wani malamin makarantar Lahadi,
Wusasa, Zariya