Taurarin da mai sharhinku ya raba wa fayafayan jaz

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana kan sharhin da ya fito a shafin nishaɗi na makon jiya, inda mai sharhinku ya jero fayafayan jaz, kiɗan nan da ya samo asali daga baƙaƙen Amurka, guda goma ya raba musu taurari daga ɗaya zuwa biyar. Da farko ina yi masa godiya. Shekara da shekaru ina sayen jaridun Hausa, ban taɓa ganin an ba wannan kiɗa shafi sukutum ba sai wannan karon, har na sa almakashi na yanke shafin na adana. Amma rabon taurarin nan ya tsaya mini a rai. Kwana uku ina juya shi kafin na ɗauki alƙalami.

Ni mai gyaran rediyo ne. Na shiga koyon sana'a a 1974 a Samarun Zariya, na yi shekara 41 a kan teburin gyara kafin ido ya gaza na bar wa ɗana shagon. A bakin aikin na tsinci jaz. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da doka: rediyon da aka gyara ba a miƙa wa mai ita sai ta kwana a kunne, don a ga ko za ta ɗau zafi ta sake mutuwa. Ni ne yaron shago, ni ke kwana da su. Da dare in ka murɗa gajeren zango sai Muryar Amurka ta shigo tas, da shirin Willis Conover, mutumin nan mai yin Turanci sannu sannu kamar yana ƙirga kalmomin. Tun 1955 yake shirin, bai bari ba sai da ya mutu a 1996. Ba na jin rabin abin da yake faɗa a lokacin, amma kiɗan ya shige ni, kuma har yau bai fita ba.

Inda muka yi daidai da mai sharhi ba zan ja shi da nisa ba. Ya ba Kind of Blue na Miles Davis taurari biyar, na yarda. Faifan 1959 ne, a zama biyu kacal aka naɗe shi, kuma duk wanda ya ce a rage masa tauraro sai ya kawo hujja mai ƙarfi. Ya ba Time Out na Dave Brubeck biyar shi ma. A nan na ɗan ɗaga gira, amma ban yi fushi ba. Faifai ne mai tsabta, kuma busar Paul Desmond tana da sanyi kamar ruwan randa.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne da na duba ƙasan jerin. Moanin' na Art Blakey, taurari uku. A Love Supreme na John Coltrane, uku. In Nigeria na Yusef Lateef, biyu. Da na jera su a gabana sai na ga zaren da ya ɗinke su: duk faifan da ganga ta fito gaba ta yi magana, an rage masa maki. Duk wanda ganga ta koma baya ta yi ladabi, an ƙara masa. Kenan mai sharhinku masu busa yake saurare, makaɗi kuwa ya ɗauke shi mai riƙe wa mutane lokaci kawai. Wannan ne ya ba ni mamaki daga Bahaushe. Mu da muka tashi muna jin kalangu yana kiran sunan mutum a filin dambe tun kafin mawaƙi ya buɗe baki, mu da muka san kotson Narambaɗa ba rakiya yake yi wa waƙa ba, rabin waƙar ne, yaya za a yi mu zo kan jaz mu toshe kunnen da muka gada?

A ɗauki Moanin'. An naɗe shi a ƙarshen Oktoban 1958. Kiɗan farko a cikinsa, mai fiyano Bobby Timmons ne ke jefa jimla, masu busa biyu su amsa masa da sauti biyu, ya sake jefawa su sake amsawa. Wannan ai jagora ne da 'yan amshi, abin da ko yaron goye ya sani a ƙasar nan. Lee Morgan da ya busa ƙaho a ciki shekararsa 20 a lokacin. Blakey kuwa, in ya ga mai busa ya fara sanyi, sai ya narko masa wani gurnani a kan ƙaramar ganga, ya taso da shi daga ƙasa har ya fashe, dole mutum ya miƙe. Mai sharhi ya ce faifan ya cika ƙarfi. To ƙarfin ne faifan. Blakey ɗin nan ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina. Tony Allen, makaɗin Fela, daga fayafayansa ya koyi abubuwa da yawa, har a 2017 ya fitar da faifai na musamman don girmama shi a kamfanin Blue Note, kamfanin da ya fitar da Moanin' ɗin kansa. Mutumin da makaɗin da ya fi kowa suna a Najeriya ya ɗauka malami, mu kuma a jaridarmu mu ba shi uku?

A Love Supreme ya fi yi mini ciwo. Layi biyu aka rubuta a kansa, an ce farkonsa da daɗi amma tsakiyarsa hayaniya ce. Malam Edita, faifan nan bai fi minti 33 ba, a dare ɗaya aka naɗe shi, 9 ga Disamba 1964, mutum huɗu ne: Coltrane, McCoy Tyner a fiyano, Jimmy Garrison a babban bes na tsaye, mai kama da ƙaton goge mai kaurin murya, Elvin Jones a ganguna. Kashi huɗu ne, kuma tafiya ce. Garrison ke fara aza sauti huɗu a ƙasa, yana maimaita su kamar mai jan carbi. Can wajen ƙarshen kashin farko Coltrane ya ɗauki sautin huɗun nan ya zagaya da su kowane mataki na murya, sama da ƙasa, sannan ya ajiye saksafon, abin busarsa, ya furta su da baki. Abin da aka kira hayaniya shi ne kashi na uku, wanda Elvin Jones ya buɗe shi kaɗai. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu kalangu ya ji yadda babba ke tafiya uku-uku kuntuku na tafiya biyu-biyu, su rabu su haɗu ba wanda ya ɓata, zai gane abin da Elvin yake yi, sai dai shi mutum ɗaya ne da hannu biyu da ƙafa biyu. Kashi na huɗu kuma addu'a ce Coltrane ya rubuta aka buga a jikin kwalin faifan, ya bi ta kalma bayan kalma da busa. Mutum ne da ya yi fama da ƙwaya da giya, ya rabu da su a 1957, ya zo yana gode wa Ubangijinsa da abin da ya iya. Ya mutu a 1967 yana da shekara 40. Kana iya cewa ba ka son faifan, wannan haƙƙinka ne. Amma ba a sallamar irin wannan aiki da layi biyu.

Ina jin na san inda matsalar ta samo asali, domin mai sharhi da kansa ya faɗa a farkon rubutunsa cewa a waya ya saurari fayafayan goma cikin mako guda, yawanci a cunkoson mota. A nan sana'ata ce ke magana. Lasifikar waya ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba, ba ta da jikin da za ta tura iska ta fitar da sauti mai kauri. Tsirkiyar bes mafi kauri tana kaɗawa kusan sau 41 ne a daƙiƙa, waya kuwa ba ta ko kusantar nan. Saboda haka Garrison gaba ɗaya ya ɓace, babbar gangar ƙafa ta ɓace, abin da ya rage sai tsiwar farantan ƙarfe da ƙarar saksafon. Ai dole ya ji hayaniya. An cire wa gini tushe ne aka ce masa ya duba ko ya tsaya daidai. Faifai irin Time Out yana jure wannan zalunci don daɗinsa a sama yake. Na Coltrane da na Blakey ba sa jurewa.

Sai na zo kan Yusef Lateef, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Mai sharhi ya ba In Nigeria taurari biyu, ya ce ba jaz ba ne sosai, ya kuma ƙara da cewa dama kiɗan ba shi da wata alaƙa da mu nan Arewa. Wannan maganar ba haka take ba. Tun 1960 Louis Armstrong ya zo Kaduna, akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello. Lateef kuwa ba ziyara ya kawo ba, zama ya yi. Daga 1981 zuwa 1985 yana Jami'ar Ahmadu Bello, a cibiyar nazarin al'adun Najeriya, yana bincike kan sarewar Fulani yana koyarwa. Mutumin da ya yi aiki da manyan jaz irin su Dizzy Gillespie da Charles Mingus da Cannonball Adderley, ya haura shekara 60, ya baro Amurka ya zo ya zauna gaban masu busa sarewa yana neman sani. A shekarun nan shagonmu na nan Samaru, 'yan makaranta da malamai na kawo rediyo da rikoda. Wani malami ne ya kawo gyaran rikodarsa da kaset a ciki, na kunna don gwaji, na ji wani abu kamar algaita amma mai laushi, yana busa kiɗan baƙaƙen Amurka. Da ya zo karɓa na tambaye shi, ya ce ai Eastern Sounds ne, na 1961, kuma mai busar yana cikin garin nan. Abin da na ji obo ne, ɗan'uwan algaita ta wajen bakin busawa. Na roƙe shi ya bar mini kaset ɗin kwana biyu na kwafa, kwafin yana nan har yau ko da yake ya shaƙe.

In Nigeria a Legas aka naɗe shi a 1983, shi da makaɗan ganga na nan gida, ya fito a 1985. Cikin kiɗe-kiɗensa akwai mai suna Drama Village, wurin wasan kwaikwayon nan na jami'a da duk ɗan Samaru ya sani, akwai kuma wanda ya raɗa wa suna da Hausa, Ruwa Maizurufi. Ba na cewa faifan ya kai Eastern Sounds. Ni kaina huɗu zan ba shi, don akwai wuraren da busa da ganga suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su riƙe hannun juna ba. Amma a ce laifinsa shi ne ba jaz ba ne, wannan bai kama shi ba ko kaɗan, domin Lateef da kansa ya daɗe yana ƙin wannan kalma, bai yarda a kira kiɗansa da ita ba har ya rasu a 2013 yana da shekara 93. An auna shi da mudun da shi bai taɓa saye ko sayarwa da shi ba. Kuma in jaridar Hausa ba ta zauna ta saurari wannan faifai da kyau ba, ta gaya mana wace ganga ce ke magana a ina, wace jarida ce a duniya za ta yi?

Kada a ce ina so ne kawai a bi son raina. Mai sharhi ya ba The Shape of Jazz to Come na Ornette Coleman tauraro ɗaya, ni ma ba faifan da nake yawan kunnawa ba ne, ko da yake ɗaya ta yi kaɗan. Saɓani a kan Coleman tsohon abu ne. A farkon 1962 mujallar DownBeat ta Amurka, wadda ta shahara da wannan rabon taurari, ta buga sharhi biyu kan faifansa Free Jazz a fitowa ɗaya: Pete Welding ya ba shi biyar, John Tynan bai ba shi ko ɗaya ba. Tynan ɗin nan shi ne 'yan watanni kafin nan ya ce abin da Coltrane da Eric Dolphy ke yi kishiyar jaz ne, har sai da mujallar ta ba su fili suka mayar da martani. Faifai ɗaya, mutum biyu masana, biyar da sifiri. Abin da ya sa har yau ake komawa ga wannan shafi shi ne kowannensu ya zauna ya zayyana abin da kunnensa ya ji da dalilin da ya sa ya so ko ya ƙi. Mai karatu na iya auna hujjojin ya zaɓi nasa. Mu kuwa an ba mu lamba da layi biyu. Jikana mai shekara 19 ya karanta shafin, ya ce mini to shi zai fara da masu biyar, masu biyu da uku ba sai ya ɓata datarsa ba. Nan ne na ga ɓarnar a fili: yaron da aka haifa a Samaru an hana shi jin faifan da aka yi cikinsa a Samaru.

Roƙona gare ka, Malam Edita, kada a rufe wannan shafi, a ci gaba da shi. Amma a rage kaya. Faifai biyu a mako sun isa, a ba kowanne rabin shafi, mai sharhi ya gaya mana su wa suka yi kiɗan, a wace shekara, a wane minti ne abin ya kama shi ko ya sake shi, kuma da me ya saurara. In ya ga dama ya bar taurarin a ƙarshe, ba zan yi ƙorafi ba matuƙar hujja ta riga su zuwa. Ina kuma roƙon ya sake zama da fayafayan nan uku a ɗaki, da lasifika mai jiki, ba a mota ba, ya bi makaɗin ganga shi kaɗai daga farko har ƙarshe sau ɗaya kafin ya koma kan masu busa.

In hanya ta biyo da shi Zariya, ina da lasifika biyu na katako da na haɗa da hannuna a 1988, har yanzu suna fitar da bes ɗin Garrison yadda za ka ji shi a ƙirjinka. Na bar lambar wayata a bayan wannan takarda. Ya zo bayan la'asar, mu fara da A Love Supreme, kashi na uku.

Naku,
Tsohon mai gyaran rediyo,
Samaru, Zariya.