Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan aikin na'urar shinshina gas

Jos, Jihar Filato

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na ji daɗi da ka ce aikinka na kammala digiri a kan na'urar shinshina gas ne, kuma da narkakken ƙarfe za ka haɗa waya da semikondakta, wato abin da ke barin wutar lantarki ta wuce ta cikinsa kaɗan-kaɗan. Ka san yadda ake shiga ɗaki da kaskon gawayi a sanyin Jos, wasu kuma su kwana da janareta a zaure. Kabon monoksaid, gas mai guba da gawayi da janareta ke fitarwa, ba shi da wari, sai dai da safe a ji salati. Domin waɗannan mutanen kake aiki.

Garin da kake shafawa a na'urar, wato semikondaktar, tsatsar kuza ce, kuzar da kakanninmu suka haƙa a Bukuru. Da ita Taguchi na Japan ya yi tasa na'urar tun shekarun 1960. In ta ɗau zafi, oksijin yana manne mata ya riƙe lantarki, turjiyarta, wato yadda take hana wuta wucewa, ta hau. Gas ya zo ya kwashe oksijin ɗin, turjiya ta sauka, allo ya nuna.

Abin da ya fi damuna shi ne mahaɗar. Galiyom da indiyom, ƙarafan da za ka yi mahaɗar da su, in sun haɗu suna zama ruwa, su kwanta a kan semikondakta ba tare da sun karce ta ba, wannan alheri ne. Amma da iska ta taɓa galiyom sai ya yi siririyar fata ta tsatsa, ta tsaya tsakaninsa da abin da kake aunawa. Allo zai iya motsi ka ɗauka gas ne, alhali mahaɗar ce ta canza. Saboda haka kafin ka saki gas, tura wuta gaba, tura ta baya. In ba ta wuce daidai ba, akwai shinge a wurin. Ka auna da waya huɗu, biyu na tura wuta, biyu na awo, ka rubuta zafi da danshin ɗakin kullum. Sakamakon da bai yi maka daɗi ba ma ka rubuta shi yadda ya zo, ko malaminka na gaggawa.

Kada ka manta haɗin nan yana daskarewa a wajen digiri 15, daren hunturu a nan kuwa yana sauka ƙasa da haka. Kada galiyom ya taɓa alminiyom, cinye shi yake yi. Zaiba kuma, ko da yake ita ma ƙarfe ce mai ruwa, guba ce, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Gwajin gas sai a ƙarƙashin injin zuƙe iska, kuma ba kai kaɗai ba. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka