Amsa ga Yaron da Ya Tambaye Ni Sunan da Babu a Cikin Macin

Ɗana, assalamu alaikum.

Ban ji shirin da ka yi tambayar a ciki kai tsaye ba, jikata ce ta kunna mini shi a wayarta bayan isha'i. Ka ce a tambayi tsohon mai badujala: kiɗan macin nan da ƴan lakwal ke takawa da shi, ba don wane aka tsara shi ba lokacin yana kan kujera? Yaya aka yi yau babu sunansa a ciki, ko da kujerar ta juya ne na goge? Tun da a bainar jama'a ka tambaya, a nan zan ba ka amsa.

E, dominsa na tsara shi, kuma ba kyauta na yi ba. Amma ban goge komai ba, tun ranar farko babu sunan. Sau biyu mutanensa suna zuwa har gida a kan haka, na biyun da ambulan a hannu. Na ba su ruwa suka sha, na mayar musu da ambulan ɗinsu.

Maci ba waƙar fada ba ce. Makaɗin fada yana da sarari: ya ja kirari, ya tsaya, ya jero kakanni tun daga Ɗan Kasawa har Ɗan Baskore, ƴan amshi su karɓa, sarki na zaune ba inda za shi. Shi kuwa maci ƙafa ake yi wa. Taku kamar 120 a minti ɗaya, babbar ganga ta faɗi daidai da ƙafar hagu, kowane layi ya cika taku 8 ko 16 ya rufe. Cusa sunan mutum da na mahaifinsa da laƙabinsa a nan, ka ga yadda yaran layin baya za su dinga taka juna. Mai busa kuma tafiya yake yi yana busa. In ka kalli defile, wato fareti, na 18 ga Disamba 2015, lokacin bikin ranar Jamhuriya da aka kira Maraɗi Kwalliya, ka san abin da nake nufi: hunturu ya tsaga leɓe, ƙura ta cika maƙogwaro, ga hanya ba ta ƙarewa. Wanda bai bar wa mai busa wurin shan iska ba, bai iya tsara maci ba.

Sai dai in na ce wannan kaɗai ne dalili, na yi maka ƙarya. Ina saurayi a watan Afrilu 1974 da soji suka kifar da Diori Hamani. Waƙoƙin jam'iyya da muka haddace tun muna ƙanana, dare ɗaya suka zama abin da ba a rerawa ko a bayan ɗaki. Na ga na Samariya, ƙungiyar matasa, a zamanin Seyni Kountché sun yi tashe sun kwanta. Na ga na tazarce a 2009, Fabrairun 2010 bai ƙare ba aka daina jin su. Kai, taken ƙasa ma da muke tsayuwa dominsa tun 1961, wanda Bafaranshe ya rubuta kalmominsa, an sauya shi a 2023. To ni da na kwashe wata biyu ina koya wa yara busa a cikin rana, in ɗaura wahalarsu a wuyan sunan da ban san kwana nawa zai yi ba?

Abu na biyu da suka nema na hana shi ne tambari da kakaki. Waɗannan na sarauta ne, na Sarkin Katsina a nan Maraɗi da Sarkin Gobir a Tsibiri. Ko nawa ne ƙuri'un mutum, ba ni zan busa masa kakaki ba. A kan wannan ne ma ran mutanen nasa ya fi ɓaci, suka ce tsoho ya cika taurin kai. Ban musa ba.

Amma kada ka ɗauka cin kuɗinsa na yi na sallame shi hannu wofi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kalangu ke magana. A tsakiyar macin, inda ganguna ke sassautawa busa ta fito ita kaɗai, kirarinsa ne na bi gaɓa da gaɓa, inda murya ke hawa busa ta hau, inda take sauka ta sauka. Ranar da aka fara kaɗa shi, da aka iso wurin, na ga ya miƙe ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Na kusa da shi suna ta kallon juna, ba su san me ya ji ba. Har gobe kirarin na nan, ban taɓa ko gaɓa ɗaya ba, kuma yaran da ke busa shi yanzu yawancinsu ba su san na wane ne ba.

Muna gwaji ranar Alhamis bayan la'asar. Ka zo ka zauna kusa da masu busa, ba kusa da ganga ba. In ka tsinto kirarin da kunnenka, kuɗin shayi a wuyana.

Naka,
Tsohon mai badujala, Maraɗi