Shekara nawa da sayar da NEPA, ina wutar?

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in ɗan yi magana kan wuta.

A Nuwamban 2013 gwamnatin Jonathan ta miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, aka ce mana za su zuba jari wuta ta wadata. To su waɗanda suka saya yawanci bashin banki suka ci suka biya, ina suka ga kuɗin sabon transifoma da mita? Shi ya sa har yau mu 'yan unguwa ke karo-karo in transifoma ta ƙone, sannan ƙarshen wata a kawo maka bil na kintace ko ka kwana a duhu ne.

A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka ce sun fi kowa samun wuta, naira 225 kan kowane yunit, wai za a riƙa ba su wuta awa 20 a rana. Mai walda da mai injin niƙa fa wallahi har yanzu dizal ne ke cinye ribarsu.

Ni ban ƙi 'yan kasuwa ba, amma tunda dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tafiyar da harkar wutarsu, gwamnonin Arewa me kuke jira? Ga rana nan kyauta, ku jawo masu sola, kuma a sa wa kowa mita tukuna.

Naku, mai karatu daga Arewa