Jaket ɗinka ba ta mutu ba

Mutumina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya ɗawainiya? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Na ga hoton jaket ɗin fata na babur da ka turo, sai da na yi dariya, kamar an barbaɗa mata toka. Kada ka yar da ita, kuma don Allah ka manta da zancen injin wanki da ka ce kana tunani. Fumfuna in an goge ta tana fita.

Amma fara tabbatarwa fumfunar ce. Wani lokaci man da aka sa wa fatar wurin jima ne yake tasowa ya daskare a sama, fari-fari. Hura wa wurin iska mai ɗumi daga nesa da abin busar da gashi. In mai ne zai narke ya ɓace. Fumfuna kuwa tana nan daram, ga warin nan na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

A waje za ka yi aikin, ka rufe hanci da takunkumi, don ƙurarta iri ce, duk inda ta sauka da danshi sai ta tsiro, ga ta da tayar da asma. Zare kariyar kafaɗa da ta gwiwar hannu da ta baya, sannan ka kakkaɓe da buroshi mai laushi. Sai ka haɗa farin ruwan khal, irin mai tsami kashi 5 cikin 100, da ruwa rabi da rabi. In babu, sifirit mai kashi 70 ma yana yi, shi ma a sirka shi da ruwa, sai dai ya fi busar da fata. Gwada a ɓoyayyen wuri tukuna, kamar ƙarƙashin kwala, ka ga ko launi zai bi tsumman. Ka matse tsumman sosai, shafa ake yi, ba jiƙawa ba. Bi ɗinki-ɗinki, gefen zif, cikin aljihu, ka juya ta ka goge shafin, don can gumi yake taruwa, kuma gumin da datti su ne abincin fumfuna. Bilic kam ko kusa kada ya zo: yana cin launi, in ya haɗu da khal kuma iska mai guba yake fitarwa.

Inda na ci tawa wahalar shi ne shanya. Gaggawa ta sa na baza tawa a tsakar rana, na ce zafi ya ƙarasa kashe fumfunar. Da yamma na ɗauko ta ta bushe ƙamas, ina lanƙwasa hannun na ga gwiwar ta yi tsaga-tsaga kamar faso. Har yau in na sa ta, nan idona yake fara sauka. Kuma ka san ba don gayu kaɗai muke sa ta ba, ranar da mutum ya sha ƙasa ita ce tsakaninsa da kwalta. Don haka rataye taka a inuwa inda iska ke kaɗawa, a hanga mai faɗin kafaɗa, ko da za ta kwana biyu. In ta bushe ka shafa mata man gyaran kayan fata kaɗan, ka goge rarar, don in ya yi yawa shi ma fumfuna na so.

Yanzu faɗa mini gaskiya: ruwa ya buge ka, ka cusa ta a leda ka manta, ko ba haka ba? Danshin iska in ya haura kamar kashi 70 cikin 100, fumfuna ba ta ɓata lokaci. Ka raba jaket ɗin da leda, ka lulluɓe ta da ƙyallen auduga, ka zuba 'yan ƙunshin silika ɗin nan na kwalin sabon takalmi a aljihunta. Ka goge cikin kabad ɗin ma, ka kuma duba safar hannu da cikin hular kwano.

In ka gama ka turo wani hoton. Ka gaishe mini da mutanen gida da yara.

Naka har kullum.